Zauren Kwamfuta: Sabuwar Windows, Tsohuwar Manhaja

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu kwamfuta ke ta komawa Windows 11. To, 'yan makarantar Masama da Gwandu masu shirin JAMB, a nan gizo ke saƙa: tsohuwar manhajar da kuke gwajin tambayoyi da ita tana iya ƙin buɗewa.

Muna ba ku shawara kada ku yi saurin goge ta. Ku danna alamarta da maɓallin dama na linzami, ku shiga Properties, sai Compatibility, ku zaɓi Windows 7. Sau da yawa takan tashi. In ta ƙi, ku gaya wa malaminku ya nemo sabuwarta yanzu, tun jarrabawa ba ta matso ba.