Sharhi: Darasin da binciken sikila a Kano ya bar wa Jigawa

Da zarar hunturu ya kama a Karkarna da sauran ƙauyukan Yankwashi, iyayen yara masu amosanin jini sun san abin da ke tafe: ciwon ƙashi cikin dare, da neman abin hawa zuwa asibitin Kazaure, wani lokaci har Kano. Kusan kowa ya san wani gida da ke cikin wannan hali. Amma mutum nawa ne daga yankin suka yi karatun da zai sa su fahimci abin da ke faruwa a cikin jinin yaron?

Sikila na farawa ne daga canji ɗaya tak a ƙwayar halittar da ke sarrafa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Idan iskar ta yi ƙaranci, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon yake tasowa. Idan toshewar ta shafi ƙwaƙwalwa, yaro na iya samun shanyewar ɓarin jiki. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin, Vernon Ingram kuma ya gano wurin canjin a 1956.

Wani zai ce wannan ilimin masu hannu da shuni ne. Yana da hujja: maganin Casgevy, mai gyara ƙwayar halitta, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

To amma a dubi abin da ya faru a Kano. A Amurka, yaron da aka gano yana cikin haɗarin shanyewar jiki ana yi masa ƙarin jini duk wata, abin da yawancin iyalai a nan ba za su iya ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada wata hanya. Suna auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, sannan su ba waɗanda ke cikin haɗari ƙwayar hydroxyurea. Maganin na sa jiki ya ƙara samar da irin himogulobin da jarirai ke da shi, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a yara 220 da aka gwada, ƙaramin adadin maganin ya yi aiki daidai da matsakaici wajen hana shanyewar jiki. Ga uban da ke sayen magani daga aljihunsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Waɗanda suka san yadda cutar ke aiki, kuma suka san halin da marasa lafiyarsu ke ciki, su ne suka samo wannan mafita. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Babu wanda zai fi mu buƙatar irin waɗannan masana.

Gwamnatin Jigawa ta daɗe tana tura ɗalibai karatun likitanci ƙasashen waje, kuma abin a yaba ne. Sai dai likita shi kaɗai ba ya isa. Ana buƙatar masu digiri na biyu da na digirgir a fannin sinadaran jiki, da aikin gaɓoɓi, da ilimin jini. Ana koyar da su a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ba sai an haye jirgi ba. Ya kamata hukumar ba da tallafin karatu ta ware musu gurabe, da sharaɗin su yi bincikensu kan cututtukan da ke damun jihar, irin su sikila da ciwon ƙoda da hawan jini, su kuma dawo Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Babura su koyar.

Kafin nan, akwai tambayar da mutanen Yankwashi da Roni da Gwiwa za su yi wa wakilansu: yaushe gwajin ƙwaƙwalwar da aka yi wa yara a Kano zai iso inda yaransu suke?