Lafia: Wa ke duba wayar da ke cikin bango?

Tun da aka ƙaddamar da babbar tashar lantarki ta Akurba a 2022, wuta ta ƙara samuwa a Lafia. Sai dai wayar da aka binne a bangon gidaje ita ke ɗaukar nauyin.

Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa ce ke amincewa da taswirar gini, NEMSA ta tarayya kuma ita doka ta ɗora wa gwada aikin waya. Giɓin yana tsakaninsu: da zarar an yi filasta, siririyar waya ta ɓuya, sai gobara ta tona asirinta.

Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu. Nasarawa na iya farawa da sharaɗi guda: kada AEDC ta haɗa wa sabon gini wuta sai an nuna takardar shaidar gwaji.