Jama'a ba ta ƙare a akwatin zaɓe ba

Har yanzu akwai masu cewa tunda talakawa suka zaɓi shugaban ƙasa, babu alƙalin da ya isa ya taka masa birki. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ita ce ta jefa Nijar cikin rami a shekarar 2009, kuma bai kamata malaman makaranta su bari ta wuce ba tare da an amsa ta ba.

Mu tuna yadda aka yi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma haramta taɓa wannan sharaɗi. Wa'adin Tandja Mamadou na biyu zai ƙare a watan Disamba na 2009, sai aka fito da Tazarce, aka ce jama'a ce ta roƙa. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce zaɓen raba gardamar ya saɓa wa doka. Shugaban ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun kanta ranar 29 ga Yuni, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salou Djibo suka kifar da shi. Wanda ya ƙi jin hukuncin alƙalai bakwai, ƙarar bindiga ya ji.

Kuskuren masu waccan magana shi ne ɗaukar cewa muryar jama'a ƙofa ɗaya gare ta. A 1791 Faransa ta shigar da talakawa cikin shari'ar manyan laifuka, su zauna su yanke ko mutum ya aikata ko bai aikata ba. Daga nan muka gaji kotun asiz da masu taya alƙali hukunci. Hikimar abin ita ce, manomi ko ɗan kasuwa da ke zaune a wannan kujera ba ya jiran ƙarin girma daga fadar shugaban ƙasa, ba kuma a iya tura shi aiki Bilma don an ji haushinsa. Shi ma jama'a ne, kuma ranar shari'a ba shugaba yake wakilta ba.

Za a ce talaka bai san doka ba. To, in ya isa ya zaɓi mai mulkin miliyoyin mutane, me zai hana shi auna shaidar da aka gabatar a gabansa? Ba a yabon hankalinsa ranar zaɓe sannan a raina shi ranar shari'a.

Sojoji sun dakatar da kundin 2010 a watan Yuli na 2023. Duk ranar da za a zauna rubuta wani, wajibi ne ƙungiyoyinmu su nemi abu biyu: kotun da shugaba ba zai iya rushewa ba, da kujerar talaka a zauren shari'a. Mu kuma malamai, mu fara koya wa ɗalibai wannan tun daga aji.

Maourey, Yamai