A Koya wa Ɗalibai Ilimin Gini da Tsara Gari Tun Daga Ƙauyensu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa Bichi da Minjibir, zai ga gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nazarci yadda manoman wannan yanki suke ciyar da jama'a mai yawa daga ƙananan gonaki. A irin wannan wuri, duk ɗakin da aka gina ba tare da tsari ba, kuyyan gero ya cinye. Saboda haka ra'ayina shi ne, a koyar da ilimin gini da tsara gari a manyan azuzuwan sakandare, kuma a fara daga ƙauyen ɗalibin kansa.

Darasi na farko ba ya buƙatar komai sai ma'aunin zafi. A watan Afrilu, ɗalibai su auna zafin soron ƙasa da na ɗakin bulo mai rufin kwano, da azahar da kuma bayan isha'i, har mako guda. Da kansu za su gano cewa katanga mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sake shi sai dare. Wannan ita ce kimiyyar da suke haddacewa a littafi.

Na biyu, a gayyato maginin gari ya bayyana dalilin da ya sa azara ba ta haye ɗaki mai faɗi sai an yi bakan gizo ko ɗaurin guga. A nan lissafin nauyi yake. Da wannan basira Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Haka kuma masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Na uku, su zana taswirar ƙauyensu, su nuna rijiya da masai da tazarar da ke tsakaninsu, da burtali, da kududdufin da ruwan damina ke taruwa. Sa'an nan a tambaye su: idan aka cike kududdufin aka yi gini, ina ruwan Agusta zai nufa?

Wani zai ce manhaja ta cika, ginin ƙasa kuma ya zama tsohon yayi. Gaskiya ne soro yana son yaɓe a kai a kai, giginyar azara ma ta yi ƙaranci. Amma ba cewa aka yi a ƙi siminti ba. So ake yaro ya auna kafin ya zaɓa. Ba kuma sabon fanni ake nema ba, domin darussan uku za su shiga cikin kimiyya da lissafi da labarin ƙasa.

Ƙalilan ne cikin ɗaliban nan za su karanci zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero. Amma kusan kowannensu zai gina gida, wasu ma za su zama masu unguwa da kansiloli masu raba filaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai, ku fita da su daga aji wannan bazarar, ku fara da awon zauren mai unguwa.