Ra'ayi: Mu Kafa Wa Littattafan Sashenmu Rajista a Kwamfuta

Ya 'yan'uwana ɗaliban harshe, duk wanda ya kai aji huɗu ya san wahalar neman littafi lokacin rubuta kundin digiri. Littattafan suna nan, amma ba a san inda suke ba: wani a ofishin malami, wani a akwatin ƙungiyar ɗalibai, wani kuma an are shi tun bara ba a rubuta sunan mai aro ba. Ra'ayina shi ne mu ɗaliban Hausa mu kafa wa littattafanmu rajista da manhajar Koha, mu ɗora ta a kan abin da zan kira kwamfuta a cikin kwamfuta, ba sai mun jira an saya mana sabbin na'urori ba.

Mece ce Koha?

Koha manhaja ce ta tafiyar da laburare. An ƙirƙire ta a ƙasar New Zealand a 1999, inda kamfanin Katipo Communications ya yi wa ɗakunan karatu na gundumar Horowhenua, aka fara aiki da ita a Janairun 2000. Sunan daga harshen Maori ya fito, ma'anarsa kyauta, kuma har yau kyauta ake ɗaukar ta. A Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce, domin Jami'ar Bowen da ke Iwo tana cikin waɗanda suka rungume ta da wuri. Fuska biyu gare ta: ɗaya ta ma'aikaci, inda ake shigar da littafi da ba da aro, ɗayar kuma ta mai karatu, inda zai nemi abin da yake so.

Matsalar ita ce Koha a kan Linux take zama, musamman Debian ko Ubuntu, alhali kwamfutocin yawancinmu Windows ne. A nan VirtualBox take shigowa. Ita ma kyauta ce, kamfanin Oracle ke riƙe da ita tun 2010. Aikinta shi ne ta yanki wani kaso na ƙwaƙwalwar kwamfutarka da ma'ajiyarta, ta mayar da shi wata kwamfuta mai zaman kanta, kamar yadda ake keɓe wa baƙo ɗaki a cikin gida. A wannan ɗaki za a saka Debian, a saka MariaDB mai ajiye bayanai da Apache mai fito da shafuka, sannan Koha ta zauna. Idan aka saita ta yadda za ta hau hanyar sadarwar da uwar kwamfutar take kai, duk wanda ke kusa zai iya duba rajistar da wayarsa ba tare da sayen data ba.

Dabarar tana da amfani biyu da suka dace da mai koyo. Na farko, ana iya adana yanayin kwamfutar kafin a taɓa wani abu, in ya lalace a koma baya cikin ɗan lokaci. Na biyu, ana iya naɗe ta gaba ɗaya a fayil guda, a zuba a filashi, a kai wata kwamfutar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Me ya haɗa ɗalibin harshe da wannan?

Wasu za su ce wannan aikin 'yan kimiyyar kwamfuta ne da ma'aikatan laburare. Gaskiya ne za mu nemi taimakonsu, amma akwai hukuncin da mu kaɗai za mu iya yankewa. Ni Hausa ba harshen gidanmu ba ne. A Paikon Kore, cikin yankin Gwagwalada, na koye ta, inda Bagwari da Bafulatani da Bahaushe suke ciniki da ita. Wanda ya koyi harshe ta haka ya san tsadar lanƙwasa ɗaya, domin ba ya da kunnen ɗan gida da zai gaya masa ko kasa ake nufi ko ƙasa, bari ko ɓari, da ko ɗa. Koha tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ saboda da tsarin Unicode take aiki, amma ba ta san Hausa ba. Idan mai shigarwa ya rubuta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da lanƙwasa, mai nema kuma ya buga Kauna da wayar da ba ta da harafin, sai mun tsara yadda biyun za su haɗu.

Haka zancen sunaye yake. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ita ce Anti Bilki, wani wuri kuma Funtua za ka gani. Wa zai haɗa waɗannan a ƙarƙashin suna guda in ba mai karanta adabin ba? Tsarin MARC da Koha take bi yana da gurbin marubuci, da na take, da na harshe inda ake sa hau, har da gurbi mai lamba 880 na rubutun da ba boko ba, wanda zai ɗauki taken littafin ajami yadda yake.

Bugu da ƙari, babban laburare yakan kwafo bayanan littafi ne daga rajistar wasu ɗakunan karatu. Wannan zai yi wa Magana Jari Ce da Shaihu Umar. Amma adabin kasuwar Kano, wanda da yawansa marubutan ne suka buga da kuɗinsu, ba lambar ISBN, wani lokaci ba ma shekarar bugu, sai an zauna an shigar da shi da hannu. Jerin waɗannan littattafai na 1987 zuwa 2002, wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara, a birnin Kolon na Jamus aka buga shi a 2004. Sun yi aikin a yaba, sai dai abin da ya fito bayan 2002 yana jiran wasu hannuwa.

Inda gizo ke saƙar

Ba na cewa hanyar ba ta da ƙaya. Kwamfuta a cikin kwamfuta tana da nauyi, tsohuwar na'ura za ta riƙa jan ƙafa. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki tana iya ɓata bayanai, saboda haka gara a yi amfani da laftof mai batir, a kuma riƙa ajiye kwafi kowane mako a wuri biyu. Babban haɗarin kuwa shi ne ɗalibi ɗaya ya riƙe sirrin, ya gama karatu ya tafi da shi. Maganinsa shi ne na'urar ta zama ta ƙungiya, wani malami ya riƙe kalmar sirri, kowace shekara 'yan aji uku su koya wa 'yan aji biyu, a kuma rubuta matakan da Hausa a littafi guda.

Kammalawa

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce a fara da kundayen digiri na waɗanda suka gabace mu, domin su ne aka fi nema, kuma rashin jerinsu ne ke sa a maimaita batu ɗaya sau uku. Idan mutum ashirin suka shigar da biyar-biyar kowane mako, kafin wata ya ƙare an sami ɗari huɗu. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A sa wannan batu a ajandar taron ƙungiya na gaba, a naɗa kwamitin mutum uku, a ba su zango ɗaya su kawo mana abin da za mu duba da wayoyinmu.