ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: INA ABOKIN ƘAURAN NAMODA?

Wata rana a zangon karatu na biyu, malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji da taswira a hannu, ya rataye ta a jikin allo, ya ce wa zai faɗa masa garuruwa biyar na ƙasar Ingila. Kafin ya rufe baki hannuwa sun tashi, gama babu wanda bai san sunayen ƙungiyoyin ƙwallo ba. Sai ya ce to, a faɗa masa garuruwa biyar na jihar Maraɗi. Aji ya yi tsit. Can sai wani ɗan'uwanmu da ba ya yawan magana ya miƙe, ya ce Madarunfa, Gidan Rumji, Tsibiri, Tasawa da Mayahi. Malam ya tambaye shi ina ya koya. Ya ce ba a littafi ba ne, mahaifiyarsa da ƙannensa ne suka yi zaman gudun hijira a can, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu.

Tun daga ranar muke tunani a kan wannan al'amari. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da garinmu zai nemi aboki a cikin garuruwa, a ƙulla zumunci na sosai da ziyarar juna, kuma abokin da ya kamata mu fara nema yana nan bayan iyakarmu ta arewa.

Mene ne ƙawancen birane?

Turawa suna da wata al'ada da suke kira tagwaita birane, watau gari biyu na ƙasashe dabam su sa hannu a takarda cewa daga yau sun zama abokai. Makarantunsu su riƙa rubuta wa juna wasiƙu, 'yan wasa da mawaƙa su kai ziyara, ma'aikata su koyi dabarun aiki daga juna.

Daga cikin toka wannan al'ada ta yi ƙarfi. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai, babbar majami'ar garin ta ƙone. Da matan Coventry suka ji irin wahalar da mutanen Stalingrad na Rasha suke sha a yaƙin, sai mata 830 suka sa aka ɗinka sunayensu a jikin wani mayafin tebur, suka aika da shi tare da gudummawar kuɗi. A 1944 biranen biyu suka ƙulla ƙawance. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, daga baya Coventry ta ƙulla irin wannan zumunci da Dresden ta Jamus, birnin abokan gaba, wanda jiragen Ingila da Amurka suka ragargaza a Fabrairun 1945. Da ƙusoshin da aka tsinto daga rufin majami'ar da ta ƙone aka ƙera gicciye, ya zama alamar sulhu da ake aikawa wurare da yawa a duniya. Mu da ake koya wa ƙaunar maƙiyi kowace Lahadi, ga misali a gabanmu.

A kusa da mu ma an yi. Garin Tasawa ya yi ƙawance da Conflans-Sainte-Honorine na Faransa, Dogonduci kuma da garin Orsay, aka yi ayyukan ruwa da tsabta da makarantu tare. Hausawa ne kamarmu suka yi wannan.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Idan muka duba da kyau, kakanninmu sun riga Turawa. Mene ne wasan taubasantaka tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari, in ba alkawarin zaman lafiya tsakanin jama'a biyu ba? Mutum ya tsokani taubashinsa har ya gaji, amma ba a zare wuƙa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada, kamar yadda ake yin ta a Nijar, cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana. Haka kuma kalankuwa: bayan kaka samari da 'yan matan wani gari su tashi su je wani, a sauke su gida gida, a ciyar da su, baɗi su ma su rama. Fatake kuwa kowannensu yana da mai masauki a garin da yake zuwa, wanda zai ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, har 'ya'yansu su gaji wannan amana.

Ƙaura kanta garin baƙi ce. Tun da layin dogo ya iso nan a 1929, ya zama nan ne ƙarshensa, mutane daga kudu da arewa suka zo neman gyaɗa da auduga da fatu, da yawa suka zauna. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ta ƙara kawo ɗalibai daga ko'ina a Nijeriya. Iyayen wasunmu ta haka suka zo. Garin da ya saba karɓar baƙo ba zai kasa riƙon aboki ba.

Me ya sa Maraɗi?

Na farko, kusanci. Ku ɗauki ma'auni ku gwada a taswira, za ku ga Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Ƙaura, balle Kaduna. Ƙaramar hukumar Zurmi tana iyaka da Nijar kai tsaye, kasuwar Shinkafi kuwa tun dā da mutanen ƙetaren iyaka take ci.

Na biyu, jini ɗaya ne. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Gaskiya ne an yi yaƙe-yaƙe tsakaninsu da dakarun Sakkwato, ƙasar Zamfara kuma ta ɗanɗana. Amma idan Coventry da Dresden sun iya, mu da muke auren juna fa? Iyakar da ta raba mu Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi kowa a cikinmu ba.

Na uku, muna da bashi a wuyanmu. Tun daga 2019 dubun dubatan mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi don tsira da rai. Kafin hukumomin agaji su iso, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna, alhali su ma ba su da yawa. Daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wanda ya ba ka masauki ranar da ka zo da tsumma a jiki, ba ka wuce ƙofarsa ba sallama. Shin mun taɓa aika ko da wasiƙar godiya da sunan garinmu?

Na huɗu, mu masu bi muna da 'yan'uwa a can. Mishan ɗin SIM da ya yi aiki a ƙasar nan har aka sami ECWA, shi ne ya yi aiki a Tsibiri da Maraɗi da Danja, ya kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Da Hausa suke sujada, da Hausa muke yi. Su kaɗan ne a cikin jama'arsu, mu ma haka. A littafin Ayyukan Manzanni mun karanta yadda masu bi na Antakiya suka tara gudummawa suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya lokacin yunwa, Bulus kuma ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya domin sun bayar daga cikin talaucinsu. Ashe ƙawancen garuruwa yana cikin ikkilisiya tun farkonta.

Kowa da abin da zai kawo

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki ƙawance kamar hanyar roƙo. Da an ce aboki a Turai, sai hankali ya tafi kan kwamfutoci da motar makaranta da biza. Zumuncin da hannu ɗaya ne kullum a sama ba ya daɗewa, gama mai bayarwa yakan gaji, mai karɓa kuma ba ya iya faɗin gaskiya. Da Maraɗi kuwa kafaɗa da kafaɗa za mu tsaya.

Ga misali ɗaya na abin da za mu koya. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Shi da manoman Maraɗi suka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran. Suka kira abin sassaben zamani. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, amma an ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Mu da muke kallon itacen girki yana tsada, iska tana kwashe ƙasar gonakinmu, ba sai mun je wata nahiya neman wannan ilimi ba. Gani ya kori ji.

Mu kuma muna da abin bayarwa. Ɗalibansu suna son Turanci kamar yadda namu suke fama da Faransanci a jarrabawa. Muna da kwalejin fasaha a garinmu, muna da littattafan Hausa masu yawa da ake bugawa a Zariya da Kano. A fagen ƙwallo da kokawa kuwa, sai dai a gwada a gani.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Mun tattauna da wasu malamai da iyaye, kuma ba duka suka yarda da mu ba. Maganarsu tana da nauyi, ya kamata a amsa ta.

Wasu sun ce hanya ba lafiya. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a zuba ɗalibai a mota a bi ta Zurmi zuwa Jibiya gobe ba. Ran ɗalibi ɗaya ya fi kowace ziyara. Amma matan Coventry ba su jira yaƙi ya ƙare ba kafin su aika saƙonsu. Wasiƙa tana zuwa inda ƙafa ba ta kai ba tukuna.

Wasu sun ce gwamnatoci ba sa jituwa. Mun gani: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Ko Coventry ma ta dakatar da ƙawancenta da Volgograd, watau tsohuwar Stalingrad, a 2022 saboda yaƙin Yukiren. Siyasa tana iya taɓa zumunci. Amma wa ya sha wahalar rufe iyakar? Mai sayar da albasa, da direba, da tsohuwar da 'yarta take aure a ƙetare. Domin haka ne ma ake bukatar igiyar da ba ta ofis ba, wadda za ta riƙe jama'a idan manya sun ɓata.

Wasu sun ce harshen karatu ya bambanta. A aji ne kawai. A kasuwa da gida da majami'a Hausa ce, kuma a 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wasu kuma sun ce abin zai zama yawon shan iska na manya da kuɗin jama'a. Wannan tsoro ne na gaske. Maganinsa shi ne a fara daga ƙasa, a rubuta kowane kwabo, duk wanda ya je kuma ya dawo ya tsaya gaban taro ya faɗi abin da ya koyo.

Daga ina za mu fara?

Muna roƙon hukumar makaranta, ta hannun shugabannin ikkilisiya, ta nemo mana makarantar sakandare guda a Maraɗi ko Tsibiri. Kowane aji ya rubuta wasiƙa sau ɗaya a zango, rabi da Hausa, rabi da harshen da yake koyo. A ware shafi biyu a wannan mujalla baɗi domin rubutun ɗalibansu. Ƙungiyar manoma matasa ta keɓe gefe ɗaya na gonar makaranta ta gwada sassaben zamani, mu aika musu hoto su gyara mana. Zumuntar mata da ta matasa su sa ikkilisiyoyin can cikin addu'a da suna. In hanya ta yi kyau, malamai biyu su fara zuwa, sa'an nan ɗalibai.

Kada kuma abin ya tsaya a cikin shingen mishan. Yawancin waɗanda suka yi gudun hijira da waɗanda suka sauke su Musulmi ne, maƙwabtanmu ne, abokan karatunmu ne. In abin ya kama ƙasa, sai dattawanmu su kai maganar gaban Mai Martaba Sarkin Kiyawa da shugabannin ƙaramar hukuma, domin ya zama na gari duka, har Shinkafi da Zurmi su shigo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗan'uwanmu da ya lissafa garuruwan nan biyar ya gaya mana cewa matar da ta sauki mahaifiyarsa ta raba tabarmarta biyu da wuƙa, ta ba su rabi. Bai san ko tana da rai har yanzu ba. Mun yi masa alkawari cewa wasiƙarmu ta farko za ta ɗauki gaisuwa zuwa ƙauyenta.

Ubangiji ya ba ƙasashenmu biyu salama, ya buɗe hanyoyinmu, ya sa mu ga ranar da za mu tarbi baƙinmu a ƙofar wannan makaranta. Amin.

Daga ɗaliban ajin ƙarshe