Eriyar mita ɗaya da rabi: darasin da ya kamata CEG ɗin Damargu su koyar

A ƙauyukan Tanut da Belbeji, inda rediyo ke kawo labarin damina da farashin gero, za ka ga an ɗaure waya a kan dogon kara ana neman tasha. Tsawon wayar kuwa, duk yadda ta samu. Alhali abin yana da lissafi, kuma bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na CEG ba.

Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Igiyar rediyo tana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka a megahaz 100 tsawon zangonta mita 3 ne. Eriya mai hannu biyu tana son rabin wannan: waya biyu na jan ƙarfe, kowace wajen santimita 72, a miƙe kan layi ɗaya, da ɗan gibi a tsakiya inda ake haɗa kebul. A tashar watsawa lantarki yana kai da komo cikin hannuwan sau miliyan 100 a daƙiƙa, ya fi ƙarfi a tsakiya, ya mutu a bakin wayar. Wannan kai da komon ne ke haifar da igiyar da ke bazuwa. A gida kuma igiyar ce ke motsa lantarkin cikin wayarka. Turjiyarta wajen om 73 ce, shi ya sa kebul ɗin talabijin mai om 75 ya dace da ita. Tana ji ta gefenta, ba ta ji ta bakinta: ka nuna tashar da tsinin wayar, murya ta dushe. Da irinta Heinrich Hertz ya tabbatar da igiyar rediyo a Jamus a 1887.

Malamai, kukan rashin ɗakin gwaji gaskiya ne, amma wannan gwajin waya da awo da rediyon gida kawai yake so. Yaron da ya yanka wayar da hannunsa, ya juya ta ya ji Muryar Sahel ta washe, ba zai manta alaƙar zango da mita ba ranar BEPC.

Iyaye, in kun ga yaro da waya bayan ɗaki, kada ku ce wasa ne. Ku dai sa ido: ya nisanci wayoyin NIGELEC, kuma da hadari ya taso a cire kebul daga rediyon, a sauke eriyar.